Hanyar Dutse a Tsakiyar Falo

Duk wanda ya taɓa ba shi aiki ya san ƙarar nan. Idan ya gama shimfiɗa ɗaki, sai ya kori kowa waje, ya durƙusa, ya bi tayil ɗaya bayan ɗaya da ƙotar guduma, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kai a karkace kamar mai sauraron gulma ta bayan ƙofa. Tayil ɗin da ya zauna daram a kan siminti muryarsa gajera ce. Wanda ya ɓoye iska a ƙarƙashinsa kuwa amo yake yi irin na tulun da ba ruwa, kuma ko a tsakiyar ɗaki yake sai ya ɓamɓare shi. Bayan kunne sai tafin hannu. Zai shafa daɓen daga bango zuwa bango, in bai ji bakin wani tayil ya ɗara na ɗan'uwansa ba, sai ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ce, "Sumul."

Daga nan sunan ya bi shi. Tun ana ce masa Sumul, har furfura ta fito aka koma Baba Sumul. Sunansa na gaskiya kuwa, sai dai a katin asibiti.

Ba gadon sana'ar ya yi ba. Da kwasar yashi da kwaɓa siminti ya fara, yana satar kallon hannun masu shimfiɗa, har wata rana aka miƙa masa cokalin gini aka ce ya gwada a lungun banɗaki, inda ko ya ɓata ba mai gani. Bai ɓata ba. Daga lungun banɗaki ya fito falo, daga falo ya shiga gidajen da ake cire takalmi tun daga baranda.

Abokan gabansa a duniya biyu ne. Na farko shi ne abin da yake kira haƙori, wato bakin tayil da ya ɗan ɗaga sama har yatsa ya ji shi. Na biyu kuma ruwan idon masu gida. Mutum zai shiga shago ya ga kala-kala, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ce a kawo irin na gidan wane. Baba Sumul ba ya musu. Tambaya yake yi. Wa ke kwana a ɗakin? A ƙasa kuke zama ko a kujera? Rana ta wace taga take shigowa? Yakan ce fenti riga ne, in ka gaji da shi ka tuɓe, amma daɓe fata ne, da shi za ka tsufa.

Haka ya sa gidajen da ya yi ba sa kama da juna. Wani tsohon direban babbar mota ya ce masa shi fa ba ya iya barci in ba ya ganin titi, sai ya ja masa baƙin dutse tun daga ƙofar gida har bakin gado, da siririn fari a tsakiya. Wata mai ɗinki kuma ya tattaro ragowar tayil kala-kala ya jera mata a bangon shago kamar ƙyallayen da ke zube a gindin kekenta. Har yau in ana kwatancen shagon, da bangon ake yi.

Gidansa kaɗai ne bai san tayil ba. Daɓen siminti ne tun na ranar da suka tare, ya tsage nan, an liƙe can, ga tabon mai, ga gurbin da gindin turmi ya ci. Matarsa, wadda 'ya'ya da maƙwabta duk Inna suke ce mata, ta mai da abin waƙa.

"Maigida, yau kuma gidan wa aka je aka mayar aljanna?"

"Gidan mai kantin magani."

"Allah sarki. Mu kuma da muke auren mai aljannar, sai a lahira."

"Haƙuri dai, Uwargida. Na gida ba ya ƙarewa."

"Ai na gida bai ma fara ba, balle ya ƙare."

Sai da gwiwa ta fara yi masa gardama, ya rage karɓar aikin waje, sannan ya waiwayi nasa. Ya kuwa yi shi da zuciya ɗaya. Ya zaɓo farin tayil manya-manya masu ƙyalli, ya shimfiɗa iri ɗaya tun daga falo har ɗakin kwana, har kicin, har ƙofar banɗaki. Dokin ƙofa ma duk ya fasa ya daidaita, don kada ƙafa ta ci karo da komai. Tsagar da ke tsakanin tayil da tayil, ko farce ba ya shiga. A duk rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, shi ma ya sani. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Inna ta tsaya a tsakiyar falo, ta daɗe, sannan ta ce, "Ya yi kyau, Maigida. Allah ya saka da alheri." Ba ta ƙara ko kalma ba, shi kuma ya ɗauka daɗi ne ya ƙulle mata baki.

A lokacin idonta ya riga ya fara ja da baya. Ciwo ne mai cin gani a hankali, daga gefe-gefe yana matsowa tsakiya, likita kuma ya faɗa musu gaskiya cewa magani zai rage masa gudu ne kawai, abin da ya tafi ba ya dawowa. Amma Inna ba ta fasa komai ba. Tana girkinta, tana shararta, tana zagin kajin maƙwabta. Sai bayan sabon daɓen ne ta sauya. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma wuni a bakin gado. In za ta fita, sai ta bi bango da hannu, har wani layi mai duhu ya fito a jikin fentin daidai ƙugunta. Baba Sumul ya ga layin, ya ce a ransa ciwon ne ya ƙaru.

Wata safiya ta ɗauko butar shayi daga kicin. Ta zaci da saura kafin ƙofa, ashe ta iso. Kafaɗarta ta daki gefen bango, ruwan zafi ya kwarara mata a ƙafa.

Kafin azahar Auta ta iso. Ita ce ƙaramar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, mai magana kamar tana karanta umarnin likita. Ta wanke ƙunar, ta naɗe, ta wanke hannunta, sannan ta juyo.

"Baba, ba faɗa na zo yi ba. Inna za ta koma wurina."

"Ni buhun gawayi ce da za a ce za ta koma?" in ji Inna. "Ga ni zaune, ki tambaye ni mana."

"To Inna, na tambaye ki."

"Ba ni zuwa."

"Kin gani ko? Shi ya sa ban tambaya ba. Inna, can akwai mai aiki, ga jikokinki, ba abin da za ki taɓa."

"Abin da nake gudu ke nan. Ki kai ni saman bene ki ajiye kamar tsohon akwati, a riƙa miƙo min abinci ana tambayata ya jiki. A nan na san inda cokalina yake."

"Kin san inda cokali yake, ba ki san inda ƙofa take ba."

Auta ta ji nauyin abin da ta faɗa, amma ba ta janye ba. Ta dubi mahaifinta, wanda tun shigowarta yake tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Baba, yau ƙafa ce. Gobe fa? In zanenta ya kama wuta kana kasuwa? Zan bar ta ƙunar ta warke. Ƙarshen wata zan dawo da mota. In na tarar tana lalube a bango, wallahi ba zan nemi izinin kowa ba."

Da ta tafi, Inna ta juya fuska bango. Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "In aka fitar da ni daga gidan nan, Maigida, ba da ƙafata zan dawo ba."

Baba Sumul ba mutum ne mai dogon zance ba. Abin da bakinsa ya kasa, hannunsa yake bai wa. Ya tuna likita ya taɓa cewa tana rarrabe haske da duhu. Sai ya je ya samo baƙin dutse mai ƙyalli, baƙi wuluk, ya ja igiya daga ƙofar ɗakin kwana zuwa kicin, wata zuwa banɗaki, ya yanke farin tayil a kan layin, ya kwantar da baƙin a gurbinsa. Inna na ɗaki tana jinyar ƙafa, tana jin kukan injin yanka, in ta tambaya sai ya ce gyara ne. Ya goge, ya bi da guduma, ya bi da tafin hannu. Baƙi a cikin fari, miƙe sak. Kai ka ce da alƙalami aka ja.

Ranar da ta fara taka ƙafar, ya kamo hannunta ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Bismillah, taka."

Ta taka. Ta ƙara taku. Ta tsaya.

"To?" in ji shi.

"To me?"

"Ba ki gani ba? Hanya ce na ja miki. Baƙa, har kicin."

"Maigida, da ina ganin baƙi a ƙasa, da Auta ta zo da maganar mota? Ƙasan nan duk hayaƙi ne a wurina. Fari hayaƙi, baƙi hayaƙi."

"To ƙafarki fa? Dutse ne fa, ba tayil ba. Ba ta ji komai ba?"

Inna ta goga tafin ƙafarta a wurin, gaba da baya, kamar mai neman allura. Sannan ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Ta ji mana. Ta ce sumul."

Sunan da ya yi shekara da shekaru yana amsawa da alfahari, ranar nan ya ji shi kamar mari. Ya nemi kujera ya zauna.

Ita ma ta lalubo hannun kujerar ta zauna kusa da shi, ta yi magana a hankali, irin ta wanda ya daɗe yana ajiye zance.

"Tsohon daɓen nan da nake yi maka gori a kansa, ka san shi ne idona? Daga bakin gado in na sauko, akwai tsaga. In na bi ta da babban yatsa, ita ke kai ni ƙofa. A falo akwai inda ka taɓa zubar da ragowar siminti ka ce za ka kankare, ba ka kankare ba. In na taka kaushin nan, na san in juya dama. Gurbin turmi yana gaya min na iso kicin. Dokin ƙofa yana ce min ɗaga ƙafa. Tun idon bai yi nisa ba ƙafata ta haddace su, ban ma san ta haddace ba. Ranar da ka rufe su, sai na zama baƙuwa. Ko'ina ɗaya, kamar an jefa ni cikin kwanon madara."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In ce me? Na shekara nawa ina yi maka waƙa a kan tayil. Ka yi, da gwiwarka mai ciwo, maƙwabta na ta santi. Sai in buɗe baki in ce ka ɓata min gida? Ai ko ni na ji kunyar kaina."

Ya daɗe yana kallon aikin nasa. Daga inda yake zaune yana iya ganin taga kwance a cikin daɓen kamar a madubi. Duk tambayoyin da yake yi wa masu gida, wa ke kwana a ɗakin, yaya kuke zama, bai yi wa matarsa ko ɗaya ba. Ya ɗauka ya san amsa.

Washegari ya ce ta shirya, za su fita.

"Ina?"

"Sayayya. Amma ke za ki zaɓa."

Filin Mai Dutse yana bayan gari, inda manyan motoci ke sauke kaya. Mai Dutse tsohon abokinsa ne, ƙato mai murya kamar ganga, sun yi shekaru suna ciniki suna zagin juna. Da ya hango su ya taso yana tafa hannu.

"A'a! Yau Sumul da gimbiya a filina? Inna, sannu da zuwa. Me kika ci kika auri wannan, har yanzu ban gane ba."

"Ƙaddara ce, ɗan nan. Kai ma ai wata ta haƙura da kai."

"Ta haƙura, tana kuka. Sumul, ga sabon kaya can, an goge shi kamar gilashi, irin naka."

"Ba shi muke so ba. Kai mu baya, wurin wanda ba a goge ba."

Mai Dutse ya dube shi, ya dubi Inna, ya ga yadda take riƙe da gefen rigar mijinta. Sai ya sa aka shimfiɗa gutsattsarin duwatsu iri-iri a ƙasa, a jere. Inna ta tuɓe takalmi, ta dafa kafaɗar Baba Sumul, ta fara takawa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ta tsaya a kansa, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

"Wannan harshen kyanwa ne. Ajiye min shi, na hanya ne, ba ya santsi ko da ruwa."

Ta matsa.

"Wannan kuma mugu ne, zai ci min diddige. Ɗauke."

"Inna, wannan fa shi manyan mutane ke sa wa a bango."

"To su bangon suke takawa? Ɗauke. Wannan fa, mai sanyi kamar gindin randa?"

"Farar marmara ce, ba a goge ta ba."

"Ita nake so a ƙofar ɗakin kwana. In na ji sanyi, na san na zo wurin hutawa."

Ta zaɓi wani mai layi-layi kamar an ja shi da tsinken tsintsiya, ta ce na ƙofar kicin ne, don ya riƙa ce mata hattara da wuta. Ta zaɓi tsakuwar rafi, 'yan mulmulallu, ta ce a jera su a inda hanya ta rabu. Baba Sumul na tsaye yana kallon abin da ta tara, fuskarsa a yamutse. Ja-ja, da ruwan ƙasa, da wani kore-kore, da toka-toka. Ko a mafarki ba zai haɗa waɗannan a ɗaki ɗaya ba.

"Uwargida, wannan koren da jan fa ba sa zama wuri ɗaya."

"Faɗa suke yi?"

"Ido ba ya so."

"Idon wa?"

Mai Dutse ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Sumul, yau ka gamu da mai gidan da ba ta da ruwan ido. Rufe naka idon kai ma, ka tuɓe takalmi, ka ji abin da ake ji."

Ya tuɓe ɗin kuwa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan duwatsu, ranar nan ya fara sanin cewa ba ɗumi ɗaya suke ɗauka ba, kuma wani yana riƙe ƙafa, wani yana korar ta.

Saura sanin inda hanyar za ta bi. Ya ɗauko igiyarsa zai ja, Inna ta ji motsinsa ta ce, "Igiyar nan taka ta taɓa dafa abinci a gidan nan?" Sai ya mayar da ita jaka. Ya kawo ruwa a roba, ta tsoma ƙafafunta, ya ce ta yi tafiyarta yadda ta saba yi a da, kada ta yi tunani, shi yana gefe ba zai bari ta daki komai ba. Ta saki bango, ta tafi. Shi kuma ya bi sawun ruwan a durƙushe, yana zagaye kowanne da alli kafin ya bushe.

Sawun bai san miƙewa ba. Daga ɗakin kwana ya lanƙwasa hagu, ya yi wani rabin da'ira a tsakiyar falo inda babu komai.

"Me kike kauce wa a nan?"

"Keken ɗinki."

"Keken da aka sayar tun Auta na firamare?"

"Ƙafata ba ta ji labari ba. Bi ta yadda take so."

Can kuma sawun ya rabu, wani reshe ya nufi ƙaramar tagar da ke kallon gidan maƙwabta, ya tsaya cak.

"Nan kuma fa? Ba ƙofa, ba kujera."

"Nan rediyona yake. Maƙwabciya da mijinta, kullum bayan la'asar. Jiya a kan murfin tukunya aka yi."

"Yanzu har gulma zan shimfiɗa wa dutse?"

"Mai kyau ma kuwa. A nan na fi daɗewa a tsaye."

Cire baƙin dutsen da fasa farin tayil ɗin ba su yi masa wuya ba kamar yadda ya zata. Abin da ya ba shi wuya shi ne haƙori. Dole bakin hanyar ya ɗan ɗaga, yadda yatsa zai ji ya san ya kai gefe, amma kada ya kai yadda zai sa tuntuɓe. Shi kuwa hannunsa ya saba da abu ɗaya. Zai kwantar da dutse da niyyar barin bakinsa a sama, kafin ya farga gudumar roba ta buga shi ya koma daidai da tayil. Sai ya yi tsaki, ya ciro, ya ƙara siminti. Inna na zaune a kujera kusa da shi, ƙafa ɗaya a miƙe. In ya kwantar, sai ta shafa da yatsa.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Kai, wannan ai sai ya cire min farce. Rage."

"Uwargida, na yi wa masu kuɗi aiki, na yi wa masu mulki, ban taɓa gamuwa da mai wahalarwa irinki ba."

"Su ai biyan ka suke yi, dole su yi maka ladabi."

Da aikin ya ƙare, falon ya koma wani abu dabam. Hanya ja-ja mai kaushi ta fito daga ɗakin kwana, ta kewaye keken da babu shi, ta rabu a kan tsakuwa, reshe ɗaya kicin, ɗaya banɗaki, ɗaya taga, kamar rafi a cikin farin yashi. Maƙwabta suka sake zuwa kallo. Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa Baba Sumul. Wata kuma ta tsaya ta daɗe, ta ce ita dai ba ta san ko kyau ne ko ba kyau ba, amma duk wanda ya shigo ya san gidan wata ne, kuma ya san yadda take tafiya. Baba Sumul ya bi duwatsun da ƙotar guduma kamar kullum. Tafin hannu kuwa bai sa ba.

Kwanakin farko da ƙyar. Inna takan rikita mai layi-layi da harshen kyanwa, ta nufi kicin ta tsinci kanta a banɗaki, ta yi ta faɗa da duwatsun kamar 'ya'yanta. Sannu a hankali faɗan ya ragu. Wata rana yana baranda ya ji ƙarar tsintsiya a falo, da 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Bai shiga ba. Ya zauna yana ji.

Ƙarshen wata Auta ta zo, da mota, da babbar jaka wadda ba komai a ciki. Ta yi sallama ta shigo, ta tsaya turus.

"Baba! Me ya sami falon?"

"Innarki ce ta same shi."

Ta ajiye jakar a inda take tsaye, ta zauna, tana bin hanyar da ido. Inna ta fito daga ɗaki. Hannuwanta na gefenta, ba ta taɓa bango ba.

"Auta ce? Na ji turaren asibiti. Zauna, in kawo miki shayi."

"Inna, bari in..."

"Na ce zauna."

Ta bi hanyarta, ta kewaye tsakiyar falo, ta taka tsakuwa, ta juya kicin. Suka ji ƙarar kofi, da ta cokali, da ta murfin fulas. Auta ta zauna a bakin kujera kamar mai shirin tsalle. Baba Sumul na murza hula. Inna ta fito da faranti a hannu biyu, kofi cike a kai, tana tahowa a natse. Sai a lokacin Auta ta ga inda ta ajiye jakarta: a kan hanyar, daidai lanƙwasa. Ta buɗe baki, mahaifinta ya ɗaga mata hannu.

Inna ba ta ɗaga ƙafa sosai in tana kan dutsen, jan ta take yi kaɗan-kaɗan don ta ji gefen. Yatsanta ya taɓa jakar. Ta tsaya. Shayin ya yi tangal-tangal, ya ɗan zuba a faranti.

"Wane mara tarbiyya ne ya ajiye kaya a kan titi?"

Auta ta taso da gudu ta janye jakar, tana dariya, hawaye na zuba. Ta karɓi farantin, ta zaunar da uwar, ta daɗe riƙe da hannunta. Da ta share fuska, muryar asibitin ta dawo.

"Na gani. Amma dutse ba ya kashe wuta, Baba. Ga sharaɗina. Ba za ta kunna risho ba sai kana kicin ɗin, a tsaye. In ka fita, fulas. Kuma duk wanda ya shigo gidan nan a gaya masa ba a ajiye komai a kan hanya, ko takalmi ne."

"Ke kika fara karya dokar," in ji Inna.

"Na ji. Baba, ka yarda?"

"Na yarda."

"Ka san fa ma'anarsa. Zaman hira a filin Mai Dutse har yamma ya ƙare."

"Na ce na yarda."

Ta sha shayinta, ta duba magungunan ido, ta naɗe jakar ta cusa a hammata. Suka rako ta. A bakin ƙofar falo hanyar dutse ta ƙare, daga nan sai tsakar gida da ƙasa har ƙofar waje. Inna ta tsaya a kan dutsen ƙarshe, yatsunta na lalubar gaba. Baba Sumul ya duba tazarar da idon ma'auni.

"Akwai ragowar harshen kyanwa a baya. Gobe in ja miki ita har bakin titi."

"Kar ka soma."

"Don me? Kwana biyu ne na gama."

"In ka shimfiɗa min dutse har titi, kai kuma mene ne aikinka a gidan nan? Kawo hannu, yarinya na jira."

Ya miƙa mata gwiwar hannu, ta kama. Suka taka ƙasa tare, a hankali, ita tana ce masa ya rage sauri, shi yana ce mata ai gwiwarsa ma ba ta yarda da sauri ba, har suka kai inda motar take.